Me ya sa bisa take ramewa alhali tumbinta cike yake?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Damagaram, kowace shekara idan bazara ta kama, daga watan Afrilu zuwa saukar ruwa, bisashenmu suna shiga wahala. Saniya ta rame har a ƙirga haƙarƙarinta. Nono ya ƙafe. Wata ta kwanta, sai an taru an ɗaga ta. Haka abin yake daga Tanut zuwa Magarya, daga Gure zuwa Takeita. A shekarun fari kamar 1973, 1984 da 2010, garke da yawa sun ƙare ta wannan hanya.

Amma akwai abin mamaki da mahauta suka sani. Sau da yawa idan aka yanka irin wannan saniya, akan tarar da tumbinta cike da busasshiyar ciyawa da kara. Ta ci, amma abin da ta ci bai amfane ta ba. Mene ne dalili? Amsar tana wajen wasu ƙananan halittu da ke zaune cikin tumbi. Wanda ya san su, ya san rabin kiwo.

Cikin bisa mai tuƙa

Saniya, tunkiya da akuya bisashe ne masu tuƙa. Cikinsu ɗaki huɗu ne. Na farko shi ne tumbi, kuma shi ne mafi girma. Yana gefen hagu na bisa. Tumbin babban sa yana iya ɗaukar lita 100, wato jarka huɗu masu lita 25. Na tunkiya yana ɗaukar kamar lita 10.

Ɗaki na biyu shi ne mai zane kamar saƙar zuma. Na uku shi ne mai shafi-shafi kamar littafi, aikinsa tsotse ruwa. Na huɗu shi ne mai kama da cikin mutum. Raƙumi ma yana tuƙa, sai dai cikinsa ɗaki uku ne. Doki da jaki ba su tuƙa, ba su da tumbi irin na saniya.

Bisa takan haɗiye ciyawa da sauri a makiyaya. Idan ta samu inuwa ta kwanta, sai ta riƙa dawo da ita baki, tana sake taunawa. Wannan shi ne tuƙa. Saniya mai lafiya takan yi awa 6 zuwa 8 tana tuƙa a kwana ɗaya.

Su wane ne mazauna tumbi?

Jikin saniya shi kaɗai ba ya iya narkar da zaren ciyawa, kamar yadda jikin mutum ba ya iyawa. Masu wannan aiki su ne ƙananan halittu masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kada mu ɗauke su ƙwayoyin cuta. Waɗannan masu amfani ne, in babu su babu kiwo.

Iri uku ne manya. Na farko ana kiran su bakteriya, su ne mafi yawa. A cikin cokalin shayi guda na ruwan tumbi akwai fiye da miliyan dubu 10. Mu tuna, mutanen duniya duka kamar miliyan dubu 8 ne. Na biyu ana kiran su furotozowa. Sun fi bakteriya girma, suna iyo cikin ruwan tumbi. Na uku dangin funfuna ne, suna huda kara mai tauri da saiwoyinsu, su buɗe wa sauran hanya.

An daɗe ana binciken su. A 1843 wasu masana biyu a Faransa, Gruby da Delafond, suka ga furotozowa cikin ruwan tumbi. Wani masanin Amurka, Robert Hungate, ya gano yadda za a raya bakteriyar tumbi cikin kwalba ba tare da iska ta shiga ba, ya kuma fitar da babban littafi a kansu a 1966. A 1975 Colin Orpin na Ingila ya tabbatar da cewa akwai funfuna cikin tumbi.

Cinikin da ke tsakaninsu da bisa

Tsakanin bisa da waɗannan halittu akwai cuɗe ni in cuɗe ka. Bisa ta ba su masauki mai ɗumi, zafinsa kamar digiri 39, dare da rana. Tana kawo musu ciyawa da ruwa. Tana tauna musu abinci ya yi laushi. Tana zubo musu miyau mai yawa, wanda ke da sinadari irin na kanwa, don kada tumbi ya yi tsami fiye da kima.

Su kuwa suna biyan ta da abu uku. Na ɗaya, suna ruɓar da zaren ciyawa, su mai da shi wani ruwa mai ɗan tsami. Wannan ruwa yana ratsa bangon tumbi ya shiga jini. Daga nan bisa take samun kamar kashi 70 cikin 100 na ƙarfin jikinta, da shi take yin kitse da man nono.

Na biyu, su kansu halittun abinci ne. Suna hayayyafa da sauri, kullum wasu suna gangarawa ɗaki na huɗu da hanji, inda bisa take narkar da su. Jikinsu cike yake da furotin, wato abin da ke gina tsoka. Fiye da rabin furotin da saniyar makiyaya take samu daga nan yake fitowa. Na uku, suna haɗa mata wasu bitamin da take bukata.

Wannan aiki yana fitar da iska mai yawa cikin tumbi, har da wadda ake kira metan. Shi ya sa bisa take yawan gyatsa. Gyatsa alamar lafiya ce. Idan iskar ta kasa fita, ciki ya kumbura, bisa tana iya mutuwa cikin ƴan awoyi.

Ke nan, idan muka zuba wa saniya abinci, ba ita muke fara ciyarwa ba. Halittun tumbinta muke ciyarwa, su kuma su ciyar da ita.

Daga ina suke zuwa?

Ana haihuwar maraƙi tumbinsa ƙarami, ba ya aiki tukuna. Nonon da yake sha yana bin wata hanya ta musamman ya wuce kai tsaye zuwa ɗaki na huɗu. Halittun suna shiga cikinsa sannu a hankali, daga miyan uwarsa idan tana lasar sa, da ciyawar da manya suka taɓa da baki. Idan ya fara tsinkar ciyawa, tumbin ya fara girma. Bayan wata biyu zuwa uku sai ya soma aiki sosai.

Saboda haka mu bar ɗan bisa kusa da uwarsa, mu ajiye masa harawa mai laushi da ruwa mai tsabta tun yana da ƴan makonni.

Abin da ke faruwa da bazara

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Halittun tumbi suna bukatar wani sinadari mai suna azot kafin su hayayyafa. Azot yana cikin furotin na ciyawa. Da damina ɗanyar ciyawa tana da shi isasshe. Amma idan ƙarangiya da kyasuwa da sauran ciyayi suka bushe, rana da iska suka buge su wata da watanni, furotin ɗinsu yakan ragu ƙwarai.

Masana sun nuna cewa halittun suna bukatar abinci mai furotin kamar kashi 7 cikin 100. Busasshiyar ciyawar bazara da karan hatsi sau da yawa ba su wuce kashi 3 ko 4 ba. To, sai halittun su ragu, aikinsu ya yi sanyi. Kara ya daɗe cikin tumbi bai ruɓe ba. Tun da tumbin a cike yake, bisa ba ta iya ƙara ci. Sai ta koma cin kitsenta da tsokarta. Ga ciki cike, ga yunwa tana kisa.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Halittun tumbi ba su iya cin kara sai an ba su ɗan abin da zai ƙarfafa su. Wannan ɗan ƙari shi ne maganin ramar bazara.

Abincin halittun tumbi yana ƙasarmu

Na farko shi ne harawar wake da ta gyaɗa. Furotin ɗinsu ya ninka na kara sau biyu ko uku. Mu tattara su da wuri, tun ganyen bai zube ba, mu ajiye bisa rumfa ko cikin ɗaki, inda rana da gara ba za su ɓata su ba. Kowar wake ma kada a zubar.

Na biyu shi ne ƴaƴan gawo. Gawo yana fitar da ganye da rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, ƴaƴansa kuma suna zuba daidai lokacin da ciyawa ta rasa ƙarfi. Suna da furotin fiye da kashi 10 cikin 100. Magabata sun san darajarsa. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, ya kafa doka mai tsanani kan masu sare gawo. Daga shekarun 1980 kuma manoman Magarya, Matamai da Mirya suka riƙa barin ƴan gawo suna tashi cikin gonakinsu, har yankin ya yi suna a duniya. Kowane gawo rumbu ne na bisashe. Idan aka daka ƴaƴan kafin a ba bisa, sun fi amfani, don ƙwayar ba za ta fita cikin kashi ɗungurungum ba.

Na uku shi ne dusar hatsi, dusar alkama, angurya da ƙuli-ƙuli. Na huɗu shi ne gishiri da kanwa. Tun zamanin sarakuna ayari ke kawo kantun gishiri daga Bilma, ana kuma haƙo kanwa a ƙasar Muniyo da Manga ana kai ta har Kano. Makiyaya sun daɗe suna ba shanu kanwa. Ilimin zamani ya nuna tana rage tsamin tumbi, tana kuma ba da wani gishiri da ciyawa ba ta da shi da yawa. A ba da ita daidai, ba da yawa ba.

Ga babbar ƙa'ida: kaɗan kullum ya fi da yawa rana ɗaya. Halittun tumbi kullum suke cin abinci. Ɗan damƙin harawa kamar giram 300 ga tunkiya kowace rana, ko kilo 1 ga saniya, ya fi a zube musu dami guda ranar kasuwa, sannan a bar su kwana shida. A fara tun watan Fabrairu ko Maris, kafin bisa ta faɗi. A fifita masu ciki, masu shayarwa da shanun noma.

Kada a manta da ruwa. Halittun cikin ruwa suke zaune. Bisar da ke jin ƙishirwa takan rage ci, tumbinta ya yi nauyin aiki. Kara kuma a sassare shi ƙanana, ko a kai shi injin niƙa, don bisa ta cinye ba ta bar rabi ba. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, ta fitar da hanyar haɗa niƙaƙƙen kara da dusa da gishiri da wasu abubuwa, a curo su kamar bulo, a ajiye don bazara.

Takin ure: amfani da haɗari

Halittun tumbi suna iya ɗaukar azot daga farin takin zamani mai suna ure, su gina jikinsu da shi. Ure yana da azot kashi 46 cikin 100. Shi ya sa ma'aikatan kiwo suke koyar da gyaran kara da shi.

Ga yadda ake yi. A narkar da kilo 5 na ure cikin lita 50 na ruwa. A yayyafa a kan kilo 100 na busasshen kara ko ciyawa, hawa-hawa, ana tattakawa cikin rami ko ɗakin ƙasa. A rufe ruf don kada iska ta shiga. Bayan mako 2 zuwa 3 a buɗe. A shanya abin da za a bayar ya sha iska, warin ya fita, sannan a ba bisa kaɗan-kaɗan har ta saba.

Amma a yi hattara. Ure guba ne idan bisa ta ci shi zallarsa ko ta sha ruwansa. Yana kisa cikin ƙanƙanin lokaci. Kada a ba doki ko jaki, kada a ba ƙaramar bisa wadda tumbinta bai fara aiki ba. A ɓoye buhun taki inda akuya ba ta kaiwa. Wanda bai taɓa yi ba, ya yi na farko tare da ma'aikacin kiwo.

Abubuwa biyar da ke ɓata tumbi

1. Canjin abinci farat ɗaya. Halittun da ke cin kara daban, masu cin hatsi daban. Kafin sabbi su yawaita ana bukatar mako 2 zuwa 3. Masu turkar raguna don babbar Salla su kula. Ragon da aka sayo daga makiyayar Damargu ko Tesker ciyawa ya sani. Idan aka cika masa kwarya da dusa da hatsi ranar farko, tumbinsa zai yi tsami, halittu masu amfani su mutu. Sai ya daina ci, ya yi zawo, wani lokaci ya mutu. A fara da tafin hannu guda, a riƙa ƙarawa bayan kwana uku-uku, kuma kullum akwai busasshiyar ciyawa gabansa. Haka abin yake ga akuyar da ta faɗa wa tiyar hatsi ko ragowar tuwo mai yawa.

Wani labari daga nesa ya nuna yadda halittun ke bambanta daga wuri zuwa wuri. A Ostireliya wani itace mai suna lusina yana sa wa shanu ciwo, alhali awakin tsibirin Hawai suna cin sa lafiya. A farkon shekarun 1980 wani masani, Raymond Jones, ya kai halittun tumbin awakin Hawai Ostireliya. Bisashen da aka ba su suka koma cin itacen ba tare da ciwo ba.

2. Ɗanyar ciyawar farkon damina. Bisa mai yunwa takan afka mata, ta yi zawo ko kumburin ciki. Ramammu da yawa a lokacin nan suke mutuwa, bayan sun sha wahalar bazara duka. A ba su busasshen abinci da safe kafin su fita, a bar raɓa ta bushe.

3. Gyauron dawa. Ƙaramar dawa da gyauronta suna ɗauke da wani abu da halittun tumbi ke saurin mayarwa guba, musamman idan fari ya taɓa su. A tsare bisashe daga gare su.

4. Maganin kasuwa. Ƙwayoyin kafso da ake ɗura wa babbar bisa ta baki ba su bambanta mugu da nagari. Suna kashe halittun tumbi masu amfani. Magani sai da shawarar likitan bisashe.

5. Leda. Babu halittar tumbi da ke iya narkar da ita. Takan dunƙule, ta cinye wurin abinci, bisa ta rame har ta mutu. Mahautan birnin Damagaram sun saba ciro ta daga cikin awaki da tumaki. A 2014 gwamnatin Nijar ta kafa dokar hana shigowa da irin wannan leda da sayar da ita. Mu dai mu tsince ta daga gidajenmu da wuraren kiwo.

Yadda za mu gane tumbi yana aiki

Mu duba garke idan sun kwanta da rana. Idan yawancinsu suna tuƙa, lafiya lau. Bisar da ta daina tuƙa tana da matsala, ko da ba ta kwanta ba.

Mu sa dunƙulen hannu a kwiɓin hagu, bayan haƙarƙari na ƙarshe, mu ɗan danna. Za mu ji tumbi yana tasowa yana komawa, sau 1 ko 2 cikin minti guda. Idan shiru, a nemi taimako. Mu duba kashi kuma. Wanda ya bushe ƙwarai, mai dogayen zaren ciyawa, yana nuna halittun suna jin yunwa. Mai ruwa da warin tsami yana nuna hatsi ko dusa sun yi yawa.

Idan kwiɓin hagu ya kumbura kamar ganga, a aika kiran likita nan da nan. Kafin ya iso, a tsai da bisa gabanta ya fi bayanta tudu, a riƙa zagawa da ita a hankali. Man gyaɗa yakan taimaka: rubu'in lita ga saniya, ƙaramin kofin shayi ga tunkiya ko akuya. A ba ta sannu-sannu, kada a ɗaga kanta sama sosai, don kada man ya bi hanyar numfashi.

Bisar da ta yi jinya ta daina tuƙa, likita yana iya ɗibo ruwan tumbin wata mai lafiya, ya tace, ya ba ta tun da ɗuminsa. Kamar a sake wa gona iri ne bayan shuka ta ƙone.

Abin da za mu riƙe

Kowane makiyayi garke biyu gare shi. Ɗaya yana gani, yana ƙirgawa. Ɗayan yana cikin tumbi, ba ya ganuwa. Idan na ciki ya ƙoshi, na waje zai yi ƙiba, ya ba da nono, ya haihu, ya ja garma.

Don haka tanadin bazara tun da kaka ake yin sa. Mu adana harawa, mu tara ƴaƴan gawo, mu kare ƴan itatuwan da ke tashi a gonakinmu. Mu ba da ɗan ƙari kullum, mu canja abinci sannu a hankali. Kuɗin harawar wata uku bai kai kuɗin saniya guda ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana bisashenmu.